Tun 2020 depitenmu yake majalisa, wa ya taɓa jin muryarsa?

ƊanKasuwarGarwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Juma'a. Da muka sauko daga masallaci na zauna a shagon wani abokina mai sayar da atamfa, talabijin ɗinsa a kunne, CRTV, tashar gwamnatin Kamaru, na nuna zaman majalisa a Yawunde, ranar da depitoci, wato 'yan majalisa, ke yi wa ministoci tambayoyi. Na zauna har aka kira la'asar ina baza ido ko namu zai tashi. Sau biyu kyamara ta bi ta kansa, yana zaune. Tun Fabrairun 2020 muka jefa masa ƙuri'a, ni da kaina na kwashi matan gidanmu a mota zuwa rumfar zaɓe. Ba zan kira suna ba, don ba tozarta mutum na zo yi ba. Tambayata ita ce: akwai wanda ya taɓa jin ya yi magana a zauren nan, ko da sau ɗaya? In kuwa ɗan majalisa ba ya magana a majalisa, mene ne aikinsa?

Hajiyar_Marwa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ni ban san naku ba, amma namu ma ban taɓa ganinsa yana magana a talabijin ba, kuma ban damu ba. Ya haƙa mana rijiyar burtsatse a unguwa. Da can 'ya'yana mata sai sun tashi kafin asuba su bi layin ruwa da jarka, yanzu ga shi a ƙofar gida. Magana ba ta cika tulu.

Malamin_Lekol: Alhaji, kafin a yanke wa mutumin hukunci bari mu yi lissafi. Majalisar dokokinmu kujera 180 ce. Zama uku take yi a shekara: Maris, Yuni da Nuwamba, kowanne ba ya wuce kwana 30. Tsarin mulkin 1996 ya ce a kowane mako na lokacin zama a ware zama ɗaya don tambayoyi ga gwamnati. To mako huɗu sau uku, ka ga ranakun tambaya ba su fi goma sha biyu zuwa sha uku ba a shekara, in ma an yi su duka. A kowace rana mutum nawa ne za su samu tashi? 'Yan kaɗan. Saboda haka don ba ka gan shi ranar Juma'a ɗaya ba, wannan bai isa hujja ba. Amma shekara biyar da ɗoriya babu ko tambaya ɗaya, wannan kam abin a bincika ne.

ƊanKasuwarGarwa: Malam, ai ba Juma'a ɗaya nake nufi ba. Na tambayi mutane da yawa a kasuwa, har da waɗanda suka yi masa yawon kamfen. Ba wanda ya ce ya ji.

Saurayin_Mokolo: Ba sai an wahalar da kai ba. Masu tafi ne kawai. A kawo doka su ɗaga hannu, a tashi su karɓi kuɗin zama.

TsohonMaiJaka: Ƙanena na Mokolo, a yi a hankali. Na yi shekaru ina riƙe wa wani depite jaka da takardu a majalisar da ta gabata, na hau jirgin ƙasa daga Gaundare zuwa Yawunde ban san iyaka ba, mu tashi da magariba mu wayi gari a can. Abin da kuke gani a talabijin shi ne ƙarshen aiki, wato zaman zauren gaba ɗaya. Kafin doka ta iso nan sai ta bi ta kwamiti. Kwamitoci tara ne: na tsarin mulki da dokoki, na kuɗi da kasafi, na harkokin waje, na tsaro, na ilimi da sauransu, kowane depite yana cikin ɗaya. A can ake zaunar da minista a gaba, a bi doka sashe-sashe, kuma ba a shigar da kyamara. Maigidana a zaure da wuya ya buɗe baki, amma a kwamiti na sha jiransa a baranda har ƙarfe biyu na dare, ya fito idonsa jawur, takardunsa duk ya zane su da jan biro. Akwai ranar da ya fito yana huci, ya ce mini sun yi sa'a guda suna jayayya da mutanen wata ma'aikata a kan layi ɗaya da ya shafi kuɗin gyaran azuzuwa. Wannan ba wanda ya gani a gida. Da ya dawo mazaɓa abin da aka tambaye shi shi ne buhun shinkafa nawa ya kawo na azumi.

Saurayin_Mokolo: To Baba, jayayyar ta canza layin?

TsohonMaiJaka: Gaskiya ba ta canza ba. An rubuta damuwarsa a rahoton kwamiti, an ce gwamnati ta ji. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Saurayin_Mokolo: Ka gani ko.

Lauyan_Gaundare: Abin da Baba TsohonMaiJaka ya faɗa gaskiya ne, amma akwai wani gefen da ya kamata mu sani don kada mu ɗora wa mutum ɗaya laifin tsari. Dokoki iri biyu ake kawowa: wadda gwamnati ta rubuto, da wadda ɗan majalisa ya rubuto da kansa. Ta ɗan majalisa sai ta tsallake taron shugabanni, wato shugaban majalisa da shugabannin kwamitoci da na rukunonin jam'iyyu, su ne ke cewa a karɓa ko kada a karɓa. Sannan sashe na 18 na tsarin mulki ya ce duk shawarar da za ta rage kuɗin shigar gwamnati ko ta ƙara mata kashewa ba za a karɓe ta ba, sai in ka nuna inda za a rage wani kashin ko a samo kuɗin. To ku gaya mini, wace buƙata ce ta Arewa ba ta cin kuɗi? Hanya kuɗi ce, asibiti kuɗi ne, ɗaukar malamai kuɗi ne. Shi ya sa dokokin da kuke ji an zartar duk daga gwamnati suke fitowa. Na biyu, mai rukuni ne shugaban rukuninsa ke zama a taron nan, kuma sai jam'iyya ta kai mutum 15 take kafa rukuninta. A zaɓen 2020 RDPC mai mulki ta samu 152, UNDP 7, SDF 5, PCRN 5, UDC 4, FSNC 3, MDR 2, UMS 2. Ku duba da kanku wa ya kai 15.

Goggon_Yara: Lauya, wannan turancin ya yi mini yawa. A taƙaice, in yana cikin masu rinjaye ba ya iya magana, in yana cikin 'yan adawa ba a jin sa?

Lauyan_Gaundare: Goggo, yana iya magana ko'ina yake. Tambaya ta baki da tambaya a rubuce haƙƙin kowane depite ne, sashe na 35 ya ba shi. Sai dai na cikin masu rinjaye yana duba fuskar jam'iyya kafin ya buɗe baki, don mu jerin suna muke zaɓa a mafi yawan mazaɓu, kuma jam'iyya ce ke rubuta jerin. Wanda ya sa sunanka shi kake tsoro.

Kawu_Gidar: Ni na haura sittin, bari in tuna muku abin da yaran yanzu ba su gani ba. A zaɓen Maris 1992 RDPC kujera 88 ta samu, UNDP ta Bello Buba Maigari 68, UPC 18, MDR ta marigayi Dakole Daisala 6. Babu mai rinjaye. Kujeru shida ɗin nan na MDR, na Arewa Mai Nisa, su ne suka ba gwamnati rinjaye. A lokacin muna kasa kunne a rediyo kamar ana wasan ƙwallo, don kowace ƙuri'a a zauren tana da nauyi. Idan jam'iyya ɗaya ta riƙe 152, shirun mutum ɗaya ko maganarsa ba ta motsa sikeli, kuma shi ma ya san haka. A shekarar ce kuma Kavaye Yegiye Jibril, ɗan Mada ta Mayo-Sava, ya hau kujerar shugaban majalisa, ya shafe sama da shekara talatin a kai. Saboda haka kada a ce Arewa ba ta da mazauni a gidan nan. Jihohinmu uku depite 51 muke da su: 29 Arewa Mai Nisa, 12 Arewa, 10 Adamawa. Da za su haɗa baki a kan abu ɗaya, ko da hanyar Gaundare zuwa Garwa ce, wallahi sai an saurare su.

DirebanKusuri: Kawu ka taɓo inda yake mini ciwo. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri nake bi da tirela. Da damina akwai wurin da na kwana uku, taya ta nutse, albasar da na ɗauko ta fara ruɓewa ina ji ina gani, yarona yana tsamo buhunan da ba su jiƙe ba muna shanyawa a kan tamfal. Mai kaya ya cire asarar a kuɗina. Wannan hanya ce da kayan Chadi ke bi daga tashar ruwan Duwala. In akwai depiten da ya tashi ya tambayi ministan ayyuka a kanta, Allah ya saka masa, amma ni ina son in san amsar da aka ba shi, da ranar da aka ce za a gama.

Hajiyar_Marwa: Allah ya mayar maka da alheri, direba. Mu ma ambaliyar 2024 da ta ci Yagwa, 'yan'uwan mijina har yanzu ba su gama farfaɗowa ba.

Malamin_Lekol: Amin. Hajiya, ina so in koma kan maganarki ta farko, ta rijiya, da girmamawa. Kuɗin rijiyar nan ba daga aljihunsa ya fito ba. Kowane depite ana ba shi sefa miliyan 8 a shekara don ƙananan ayyuka a mazaɓarsa. Kuɗin jama'a ne. In ya haƙa rijiya ya kyauta, don wasu ko hakan ba a gani ba, amma haƙƙinku ya ba ku. Kuma ruwa da kasuwa da gyaran makaranta asalinsu aikin magajin gari ne da komin, wato ƙaramar hukuma. Dokar Disamba 2019 ta ce kason da za a ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Depiten da ya tsaya a zaman kasafi na watan Nuwamba ya tambayi ina wannan kason ya kwana, ya yi mana aikin rijiya ɗari.

Hajiyar_Marwa: Malam, na ji, kuma ban san da miliyan takwas ɗin ba sai yau. Amma ka zo ka gaya wa 'yata mai shekara goma sha ɗaya ta ci gaba da ɗaukar jarka har kaso 15 ya iso. Ni abin da na gani da idona shi zan yaba.

Goggon_Yara: Hajiya ta yi gaskiya ta wani ɓangare. Mu ma muna da laifi. Na taɓa zuwa gidan wani depite da sassafe, neman taimako a kan takardar haihuwar jikata, don an ce ba za ta zauna jarrabawar CEP ta gama firamare ba sai da ita. Ƙarfe shida na isa, na tarar an shimfiɗa tabarmi uku a gindin darbejiya, duk sun cika. Wannan riƙe da takardar magani daga asibiti, wancan matarsa ta haihu yana neman ragon suna, wata kuɗin haya. Har ƙarfe goma ban ji mutum ɗaya ya tambaye shi abin da aka tattauna a Yawunde ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ba ni jaka goma, wato sefa dubu goma, ya ce in je kotu a yi mini hukuncin maye gurbin takarda. Na gode masa har zuciya. Sai da na dawo gida na yi tunani, yara nawa ne a ƙauyukanmu ba su da wannan takarda, kuma kakanninsu ba su san gidan depite ba?

Lauyan_Gaundare: Goggo, wannan misalin naki shi ne ainihin maganar. Matsalar takardar haihuwa doka ce ke warware ta, da kuɗin da za a sa wa ofisoshin rajista a kasafi. Kuma an yi sabuwar dokar rajistar haihuwa a Disamba 2024. Abin tambaya ga depitenku, Alhaji na Garwa, shi ne: da aka kawo ta, me ya ce? Ya gaya musu nisan da mace ke yi daga ruga zuwa inda ake rajista?

Bakon_Njamena: Salamu alaikum maƙwabta. Ina bin ku daga tsallaken kogin Logon. Mu a Chadi majalisar da aka zaɓa a 2011 ta zauna shekara goma ana ta ƙara mata wa'adi, har rasuwar Idris Debi a Afrilun 2021, sannan aka naɗa majalisar riƙon ƙwarya. Sai 29 ga Disamba 2024 muka sake zaɓen depitoci, kujera 188, MPS mai mulki ta kwashi 124. Abin da na lura, mutumin da ya san ba za a dawo gare ka neman ƙuri'a nan kusa ba, ba ya jin dole ya yi maka bayani. Ku ma na ji an ƙara wa naku.

Malamin_Lekol: Haka ne, maƙwabci. A Yulin 2024 suka amince da dokar da ta ƙara musu shekara guda, daga Maris 2025 zuwa Maris 2026.

Saurayin_Mokolo: Wannan kam ba a yi jayayya har ƙarfe biyu na dare ba.

MaiKulaDaZaure: Jama'a, na goge saƙo biyu da aka kira sunan mutum aka zage shi har da iyayensa. Mai tambaya da kansa ya ce ba tozarci ya kawo shi ba. A ci gaba da muhawara cikin mutunci, don Allah.

Ustaz_Banyo: Akwai abin da ba a ambata ba, kuma muna jin nauyin faɗarsa. Harshe. A zauren nan Faransanci ne ko Ingilishi, babu Fulatanci, babu Hausa, babu Larabcin Shuwa. Na san dattijo mai hankali da sanin ya kamata, in ya yi magana a fadar lamiɗo kowa sai ya yi tsit, amma a ce ya tsaya gaban makirfo ya yi Faransanci minista mai digiri uku ya amsa masa, 'yan jarida suna jiran ya yi tuntuɓe su yaɗa, sai ya gwammace ya yi shiru. Ban ce uzuri ba ne. Amma in za mu tura wakili mu duba wannan.

'YarJami'a_Gaundare: Ustaz, da girmamawa, tambaya a rubuce fa? Ba ta buƙatar makirfo. Yara nawa ne suka gama jami'ar Gaundare da ta Marwa suna zaune ba aiki? Ya ɗauki biyu su riƙa karanta masa daftari suna rubuta masa tambayoyi. Kuma ba gaskiya ba ne cewa magana a zaure ba ta da amfani. A Disamba 2016 Joseph Wirba na SDF ya tashi ya yi magana a kan abin da ke faruwa a yankin masu Ingilishi, ba a zartar da komai ba a ranar, amma bidiyon ya zaga duniya, har yau ana tunawa cewa an yi gargaɗi a cikin majalisa. A 2008 da aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, Paul Ayah Abine yana RDPC amma ya fito fili ya ce bai yarda ba. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, mutanensu sun san inda suka tsaya. Mu fa? Wutar madatsar Lagdo tana ɗaukewa muna karatu da fitilar waya, kuɗin fasfo ya tashi daga jaka 75 zuwa 110 a 2021, litar fetur daga 630 ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Ina so ko a takarda ne a ce wani daga cikin 51 ɗin nan ya tambaya da sunanmu.

Kawu_Gidar: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki ce babu wanda ya tambaya. Na sha jin depitocin Arewa sun tayar da maganar wuta da ta hanya da ta tsaro. Matsalar ba a kawo mana rahoto, mu ma ba ma nema.

TsohonMaiJaka: Kawu ya yi daidai. Kuma ku ƙara da wannan a kan kasafi, tunda Malam ya ambaci Nuwamba. Dokar kuɗi ta 2018 ta ce a ajiye daftarin kasafin kwana 15 kafin a buɗe zaman. A zamanin da nake can sai zama ya yi nisa ake kawo shi, tulin takardu da sai na rungumo su da hannu biyu zuwa mota. Kwanaki kaɗan suka rage, ministoci suna shiga kwamitin kuɗi ɗaya bayan ɗaya dare da rana. Wanda bai da mai taya shi karatu, ina zai gano cewa kuɗin asibitin garinsu ya ragu? Maigidana shafin jiharmu kawai yake cewa in nemo masa, in ninke kusurwar, sauran kuwa sai Allah.

Saurayin_Mokolo: To in haka ne su ƙi karɓa mana, su ce a bi doka.

Lauyan_Gaundare: Suna da ikon yin ƙorafi, kuma 'yan adawa suna yi. Wani abu kuma, Alhaji: sashe na 15 ya ce kowane depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, kuma ba wanda zai tilasta masa yadda zai jefa ƙuri'a. Wato a doka ba za ku iya kiransa ku tsige shi don ya yi shiru ba. Abin da ya rage muku shi ne tambaya, da ranar zaɓe.

ƊanKasuwarGarwa: Na gode muku duka, na ƙaru ƙwarai. Baba TsohonMaiJaka ya sa na sassauta, don wataƙila mutumin yana aiki a kwamiti ban sani ba. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ya ji muryarsa, kuma rashin sanin ma ai damuwa ne, shekara biyar bai tara mu ya ce ga abin da na yi ba. Na yi magana da shugaban layinmu a kasuwa. In an rufe zaman nan ya dawo gida za mu je mu biyar, ba da takardar magani ba. Abu uku za mu tambaya: wane kwamiti yake, tambaya nawa ya yi wa ministoci da baki ko a rubuce, da inda miliyan takwas na kowace shekara suka shiga.

Hajiyar_Marwa: Ku je da ladabi dai, Alhaji, dattijo ne. Kuma in ya nuna muku rijiyoyi ku rubuta su ma.

'YarJami'a_Gaundare: Baba Alhaji, in kuna so zan rubuta muku tambayoyin da Faransanci, ku bar masa kwafi ya sa hannu a naku. Ku ƙara ta huɗu a kan dokar rajistar haihuwa da Goggo ta kawo.

DirebanKusuri: Da ta biyar, hanya. Ko ba mazaɓarsa ba ce, ai Lauya ya ce wakilin ƙasa ne duka.

Saurayin_Mokolo: Ni dai ina jira in ji ko mai gadi zai bar ku ku wuce tabarma.

ƊanKasuwarGarwa: In sha Allahu zai bari, ya san fuskata tun kamfen. 'Yata, turo mini ta akwatin sirri kafin Alhamis, in kai a buga. Lauya, tambaya a rubuce da depite ya aika wa minista, akwai inda talaka zai je ya ga kwafinta, ko sai shi ya ga dama ya nuna?